Keken Ɗinki a Bayan Bango

Tela ta gane muryar kekenta tun kafin ta gama wanke fuska. Ta cikin bango take fitowa, daga ɗakin maƙwabciyarta, matar direba: gudu uku sai ƙas, gudu uku sai ƙas. Wannan ƙas ɗin tsarabar marigayi mijin Tela ce, tun ranar da matakin keken ya karye ya kai wa wani mai walda ya ɗora shi a karkace. Shekara goma sha ɗaya tana jin sa. Ko cikin kekuna ɗari aka ajiye shi, ido rufe za ta nuna abinta.

To, yanzu ba abinta ba ne. Mijinta malamin makaranta ne, ciwon ƙoda ya kwantar da shi shekara biyu cur. Wankin ƙoda sau biyu a mako ya fara da cin filinsu, ya ci babur, ya ci 'yan kunnenta, a ƙarshe ya haɗa da keken. Bayan an gama cinye komai kuma mutumin ya tafi, yana da shekara arba'in da huɗu.

Wata uku bayan haka birkin motar kamfani ya tsinke wa direba a kan gangara. Ko asibiti ba a kai shi ba, nan take ya cika. Kamfani ya biya diyya, ya ɗauki karatun yaransa biyu, duk ƙarshen wata kuma sai ga mota ta sauke buhun shinkafa da jarkar mai a ƙofar ɗakin matarsa. Tela kan leƙa ta bayan labule, ta bi buhun da ido har ya shige. Ranar da aka kawo sabon firij kuwa, ko loma ɗaya ta kasa haɗiyewa.

Hassada ce, kuma ta san sunanta sarai. Takan yi istigfari, ta ce wa kanta ke wace irin mace ce da za ki yi ƙyashin mutuwar mijin wata. Amma da zarar ta buɗe tukunya ta ga abin da ya rage, sai tunanin ya dawo ya zauna daram: nata mijin ya tafi da gidan gaba ɗaya, na waccan ya tafi ya bar arziki.

Jiya mai makarantar da marigayi ya koyar ya tausaya mata, ya ba ta ɗinkin kayan 'yan aji ɗaya, a gama cikin mako biyu. Idan ta cika alkawari, 'yarta za ta ci gaba da karatu a can ba a kore ta ba. Da yadin a hammata ta wuce wurin dillalin da ta sayar wa keken, ta roƙe shi ya ba ta haya. Ya sosa ƙeya ya ce ai shekaranjiya wata ta saye, ko tayi ba ta yi ba.

Ashe wadda ta saya tana nan bayan bango. Matar da ko maɓalli ba ta iya ɗaurawa ba.

Tela ta tsaya da tawul a hannu tana saurare. Can sai kunnenta na sana'a ya kama wani abu. Keken da ke cin yadi muryarsa a dakushe take fita. Wannan kuwa ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, ba yadi a ƙarƙashin allura, ba ko zare. Kwana kaɗan a haka, haƙoran keken sun gama cinyewa.

Ko sallama ba ta yi ba ta ɗaga labulen maƙwabciyarta.

Matar direba na zaune a kan keken, kallabinta a zame, ƙafafunta na ta aiki, idonta a kan bango. Firij na gefe yana gunji, buhu biyu a jingine ba a ko farke bakinsu ba.

"Sauke ƙafarki," in ji Tela. "Kashe shi za ki yi. Ba a tuƙa keke ba yadi."

Matar ta tsaya. "Yi haƙuri, Yaya. Ban sani ba."

"Ina za ki sani? Kuɗi ne suka yi miki yawa. Duk kekunan duniya ba ki ga na saye ba sai nawa?" Maganar da ta daɗe tana dannewa ta taso, ta kuma bar ta ta fito. "Ke kam kin yi sa'a. Naki rana ɗaya ya tafi, aka biya ki. Ni nawa sai da ya tabbatar ko cokali bai bar mana ba."

Tana rufe baki ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga ka har ƙafa, amma ba ta janye ba.

Matar direba ba ta yi fushi ba. Ta gyara kallabinta a hankali.

"Sa'a," ta ce. "Yaya, kin san ranar da ya fita ko kallonsa ban yi ba? Faɗa muka yi kan kuɗin cefane. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya tafi, na yi banza da shi. Ke kuwa shekara biyu ina ganinki ta taga kina ba naki abinci a baki, kina goge masa gemu, kuna hira. Wallahi yanzu in na tuna, haushinki nake ji. Ba abin da bai faɗa miki ba."

Tela ba ta taɓa tunanin akwai wani abu cikin waɗannan shekaru biyun da wani zai yi sha'awa ba.

"To keken fa?" ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Kullum da safe kina fara ɗinki maigidana yake tashi. Ya yi ta mita wai telar nan ba ta barin mutum ya yi barci, ina dariya ina haɗa masa shayi." Ta shafa kan keken. "Na gan shi wurin dillali, na ce ya taka min in ji. Da na ji ƙas ɗin nan sai na kasa tafiya in bar shi. Amma in ni na taka, ba ya fita kamar naki."

"Ai ba zai fita ba. Sai da yadi."

"To ki kawo yadin. Ki yi ɗinkinki duk yadda kike so, ba na son ko kwabo. Abu ɗaya kawai, kada ki fitar da shi daga ɗakin nan, kuma da safe za ki riƙa farawa."

Tela ta koma ta ɗauko yadin makaranta da almakashi da zare. Ta ɗiga wa keken mai, ta zura zare a allura, ta zauna. Kujerar ma sabuwa ce, mai laushi, ta fi tata nesa ba kusa ba, kuma sai da ta lura da hakan.

Ta ɗora ƙafa. Gudu uku sai ƙas, gudu uku sai ƙas.

Ba ta waiwaya ba, amma tana jin matar direba a bayanta ta kunna risho ta aza ruwa. Da ta kai ƙarshen hannun rigar farko ta ɗago kai, sai ta ga kofi biyu a kan tebur suna tururi. Ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗaya.

"Bari in haɗa miki naki, Yaya," in ji matar direba. "Wannan nasa ne."