Tutar Kan Tebur

Akwai ciwon da ke kama manya: a sauke mutum daga kujera, shi kuwa ya ƙi yarda ya sauka. Shi ne ya kama Tsohon Shugaba. Shekara tara da barinsa mulki, amma kullum da safe sai ya shiga ɗakin karatunsa, ya goge 'yar tutar ƙasa da ke kan tebur, ya zauna jiran wayar da ba mai bugowa.

A lokacin gwamnati ta yanke magana da maƙwabciyar ƙasa, saboda sun tare kogi da madatsa, gonaki suna bushewa. 'Yarsa ta fari tana ma'aikatar harkokin waje, cikin masu riƙe da batun. Wata rana suna cin abinci ya yi ta zolayarta, wai yaran yanzu gaba kawai suka iya, har ya ƙure ta, ta faɗi abin da bai kamata ya fita daga ofis ba: ƙofa huɗu ta madatsar ake nema a buɗe, amma ko biyu aka samu za a karɓa. Maƙwabtan kuma sun fara laushi.

"Baba, shirun nan da kake gani shi ne aikin," in ji ta. "Don Allah ka bar mana."

Ya yi dariya, ya ce tun tana rarrafe yake shan shayi da shugaban can.

Mako na zagayowa ya ce zai je ganin likitan ido, ya hau jirgi sai maƙwabciyar ƙasar. Ya jefa tutar a jaka, domin tsawon mulkinsa bai taɓa zaman shawara ba tare da ita a gabansa ba. Can aka tarbe shi da runguma, ana ta kiransa babban yaya. Da aka zauna, da hannunsa ya fito da tutar ya kafa. Mai hoto bai yi sanya ba. Hira ta yi daɗi, sai ya ce shi ba ya son ja-in-ja tsakanin 'yan'uwa, a buɗe biyu kowa ya huta. Mai masaukin ya ƙara masa shayi.

Washegari hoton ya cika jaridunsu: ga tuta, ga dattijo, wai ƙasarsa ce ta aiko shi ba da haƙuri. Ashe ƙofa uku suka yi niyyar buɗewa. Da suka ji biyu ma ta isa, suka tsaya a ɗaya.

Da ya dawo, direbansa kaɗai ya samu a filin jirgi. Kafin wata ya ƙare an karɓe jan fasfonsa na diflomasiyya, an janye masu gadin ƙofarsa, an soke sunansa daga taron manyan ƙasa. 'Yarsa kuwa, aikin shekara goma sha bakwai, takarda ɗaya ta raba ta da shi, domin kowa ya san bakin da maganar ta fito. Tana zuwa gaishe shi ranar hutu, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta tashi ta tafi. Ba ta sake cin abinci a teburinsa ba. Tutar ma can ya manto ta, ba su kuma aiko masa da ita ba.