Matar Jakada da Ba Ta Cikin Fayil

"Inna, Baba mutum ne, ko cikin waya yake zaune?"

Zulaiha ce, 'yar shekara biyar, ta yi tambayar a gaban matan da ke layin famfo. Suka kwashe da dariya. Ruƙayyatu ta ɗora bokiti a ka, ta ja hannun ɗiyarta suka wuce. Yarinyar ba ta yi laifi ba. Sau biyu kacal ta taɓa ganin babanta Marwan ido da ido.

Balarabe ne, ma'aikacin ofishin jakadancin ƙasarsu. Shekara bakwai da suka wuce ya zo Unguwar Lalle duba rijiyoyin da suka haƙa, aka sa Ruƙayyatu ta yi masa tafinta, don ta yi karatun Larabci a Sakkwato. Kafin damina ta zagayo an ɗaura aure a ƙofar gidan babanta, ga liman, ga shaidu, ga goro da dabino. Ba wanda ya kawo zancen takarda. A nan, abin da aka shafa wa fatiha a gaban jama'a ya zauna.

Sai daga baya ya gaya mata dokar aikinsu: ba a auren 'yar wata ƙasa sai da izini. Bai nema ba, don ya san ba a ba ƙaramin ma'aikaci. A fayil ɗinsa, har yau ba shi da mata.

Aka ɗauke shi daga Abuja zuwa wata ƙasa, daga can zuwa wata. Su Ruƙayyatu kuma 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauye, suka koma Sabon Birni. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta hau tudun bayan gari, inda sabis ɗin Nijar ke kamawa, ta jira kiransa na bidiyo.

Wannan Juma'ar ya kira da rawani a ka.

"Ummu Zulaiha, an naɗa ni jakada."

"Alhamdu lillahi! To za ni haɗa kayanmu."

Ya ce, "Sai da takardar aure."

"A rubuta mana. Liman ya rasu, amma Kawu Usmanu na Maraɗi, shi ya tsaya mani waliyyi. Za ni kai shi gaban alƙali."

"Ranar da ta isa ofis, ranar za a gane na ɓoye shekara bakwai. Su kore ni, su karɓe fasfo. Ko zuwan ma ya ƙare."

"To mi kake so in yi, Abban Zulaiha?"

"Shekara huɗu, in yi ritaya."

"Haka ka ce ranar suna."

Zulaiha ta fizge wayar. "Baba, fito mana, ba ka jin zafi a ciki?"

Ya yi dariya, sannan ya rufe fuska da hannu. Sabis ya ɗauke.

Ta nemo Kawu Usmanu duk da haka, alƙali ya rubuta, ya buga hatimi. Takardar tana ƙasan akwatinta cikin leda. In ta aika, ta rusa mijinta. In ta ajiye, Zulaiha ta girma ba sunan uba a ƙasar ubanta. Kullum sai ta ciro ta, ta duba, ta mayar.

Ke mai karanta wannan, in baƙo ya zo neman ki ko ɗiyarki, kada kunya ta rufe maki baki. Ki tambaye shi abin da aka rubuta a fayil ɗinsa, kuma kada a raba goro sai an ga takarda.