Injin Barau Ya Sha Iska

Shekarar da kuɗin fetur suka fara leƙowa ƙauye, kowa a Ruwan Godiya rediyo yake saye ko babur. Barau kuwa, da yake ra'ayinsa daban ne, sai ya sayar da shanun huɗar gidansu, ya je Kaduna ya sayo injin kwalekwale. Wai duk damina kogi na raba mutane da kasuwa, shi zai riƙa haye da su. Tun ranar da aka kora shanun, mahaifinsa Baba Audi bai ƙara ce masa uffan ba. Barau ya gwammace zagi da wannan shirun.

To, Barau manomi ne ɗan manomi, abin da ya tashi ya gani shi ne duk abu mai daraja rufe shi ake yi. Ya samo jirgi ya kafa injin a tsakiyarsa, ya yi masa akwatin katako, ya bi kowace kafa da tsumma da kwalta ya liƙe, yadda ake liƙe bakin rumbu. Ko sauro bai isa ya shiga ba.

Ranar gwaji, yana kaiwa tsakiyar ruwa injin ya yi tari ya mutu mus. Da ya ɗaga murfin, zafi da warin fetur suka daki fuskarsa har da hawaye. Da gora ya turo jirgin gaɓa, ga shi jibi kasuwa, kuma ya ji labari Baba zai zo ya gani da idonsa.

Matarsa Kyauta ta kawo masa fura, ta leƙa akwatin ta toshe hanci.

"Maigida, mi ya yi maka ka hana shi lumfashi? Ni in na toshe murhuna haka, ai sai hayaƙi, tuwo ba shi nuna. Ga wannan wari, wani shi ƙyasta ashana kusa mun shiga uku!"

Barau ya so ya ce mata inji ba murhu ba ne, amma sai ya miƙe. Ya ɗauko kurfi da guduma, ya huda wa akwatin tagogi gaba da baya, ya yi musu 'yar rumfar kwano saboda ruwan sama. Ya fitar da bututun hayaƙi waje, ya mayar da galan ɗin mai can goshin jirgi.

Ranar kasuwa ya buɗe murfin tukuna, wari ya fice, sannan ya ja igiyar tayar da injin. Baba Audi ya tattare rigarsa ya shigo bai dubi kowa ba. Injin ya yi ta ƙugi lafiya lau har suka haye.

Kowa ya sauka da kayansa, tsohon bai motsa ba.

"Baba, mun iso," in ji Barau.

"Na gani. Wa ya ce maka kasuwa na zo? Juya mu koma, yaro, ka ƙara mashi wuta."