Rubutu a Ludayi

Tun da suka dawo Boɗinga daga asibitin Sakkwato, Kulu ba ta barin Maniru, ɗanta na fari, ya kusanci randa. Ƙodarsa ta gaza, zuciyarsa ta gaji, ƙafafunsa sun kumbura. Likita ya ce a Turai an fara dasa wa mutum ƙodar wani, amma abin bai iso Arewa ba tukuna. Kafin nan ruwa sai ɗan kaɗan, don in ya yi yawa zai taru a ƙirjin yaron ya toshe numfashi.

Da hantsi surukinta, Malam Sambo, ya shigo da ƙwarya cike da rubutu.

"Ba shi ya shanye duka."

Ba a mayar da rubutu, ba a musu da suruki, kuma mai kunya ba ta nuna damuwa kan ɗan fari. Kulu ta dubi ƙirjin yaron yana ɗagawa da ƙyar, sai ta durƙusa.

"Baba, ku gafarce ni. Wannan zai iya kashe shi."

"Mi kic ce? Ayar Allah?"

"Ba ayar ba, Baba, yawan ruwan. Da za ku wanke allon da ludayi guda..."

Malam ya daɗe yana kallon ƙafafun jikansa. Can ya miƙa mata ƙwaryar.

"To ke shanye wagga, ga jikinki nan rawa shikai. Miƙo min ludayin."

Ta kai ƙwaryar baki, kunnenta na kan numfashin Maniru.