An Cire wa Motar Baba Ƙwaƙwalwa

Motar marigayi Baba ta ɗauki wani mugun hali. Tana cikin tafiya lafiya lau sai ta mutu murus, sai an jira ta huce an lallaɓa ta kafin ta yarda ta tashi. Auta ta yi ta haƙuri da ita har ranar da motar ta mutu a tsakiyar mahaɗar titi, ga Mama kwance a kujerar baya za a kai ta wankin ƙoda. Masu motoci suka cika mata kunne da hon, wani ma ya leƙo ya ce ta koma gida ta yi wanke-wanke. Kafin su isa asibiti an ɗora wani a kan injin da Mama za ta hau. Haka suka dawo ba a yi ba, tsohuwa ta kumbura suntum, numfashi sama-sama. Likita bai ɓoye wa Auta komai ba, ya ce jikin nan ba zai ɗauki a sake tsallake wanki ba.

Auta ce ke tuƙa Mama, ita ke ɗinki a falo tana riƙe gidan, ita ce kuma ke riƙe da makullin motar, wanda ɗaya ne tak. Irin makullin nan ne mai ɗan abu a ciki, wanda ƙwaƙwalwar motar, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa injin, ta sani. In ba shi aka sa ba, ko me za a yi motar ba za ta tashi ba. Wannan ne kaɗai ya hana Yaya raba su da ita. Yaya babban ɗa ne, ƙato mai ƙamshin turare, kullum yana da wata harka da za ta fashe gobe. Janareton gidan ya tafi harka, keken ɗinkin Mama na dā ya tafi harka, ba wanda ya dawo. Ya taɓa yanko makulli a kasuwa ya kwashe rabin yini yana murɗawa, motar ta yi masa kunnen ƙashi. Tun daga nan Auta ta ɗaure nata da zare ta rataya a wuya.

Kawu, ƙanin Mama, bakanike ne tun zamanin da mota ke da sauƙin kai. Ya zo ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon tulin wayoyi yana taɓe baki. A cewarsa ƙwaƙwalwar ce ta fara hauka, kuma shi bai ga dalilin da mutum mai hankali zai bar wani ɗan akwati yana yi wa injinsa mulki ba. Sabuwa sai an yi oda an jira, ta hannu kuwa ba ta da tabbas. Shawararsa a cire ta gaba ɗaya, a sa kafireta mai ba injin mai, a sa distiributa irin ta dā mai raba wa fulogi wuta da kanta, kowa ya huta. Auta ta tambaye shi abu ɗaya, ko motar za ta daina mutuwa a hanya. Ya dafa ƙirji ya ce in ta sake mutuwa ya bar kanikanci.

A garejinsa aka yi aikin, a ƙarƙashin rumfar kwano, ƙasa duk baƙin mai. Auta takan ajiye ɗinki ta je ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallo. Gaskiya Kawu ya iya aikinsa. Ya kwance wayoyin nan ya nannaɗe su gefe, ya zura distiributa a mazauninta, ya jera wayoyin fulogi yana kiran lambobinsu a baki. Da motar ta tashi sai ya riƙa juya kan distiributar kaɗan-kaɗan, kunnensa a jikin injin, har ƙarar ta daidaita. Ya nuna mata yadda za ta goge kontak ɗin cikin distiributar da 'yar takardar yashi in ya yi datti. Auta ta ji wani daɗi ya rufe ta, har da 'yar ƙwallarta. Baiwar Allah, a ranta wahala ta ƙare.

Ana cikin haka Yaya ya iso, wai hanya ce ta biyo da shi. Kawu kuwa mutum ne da in ya yi aiki mai kyau sai duniya ta ji. Ganin ya samu mai kallo, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce wa Auta ta zare makulli ta riƙe a hannunta. Ya ɗauko guntuwar waya ya haɗa daga batir zuwa koyil mai ba da wuta da famfon mai, ya taɓa kan sitata da sukundireba. Motar ta tashi tar.

"Kin gani? Yanzu ko makullin ya faɗa rijiya ba ruwanki. Mota ta zama ta mutane."

Auta ta dubi makullin da ke hannunta, ta dubi Yaya. Shi ko bai dube ta ba, ya sunkuya yana tambayar Kawu wace ƙafar koyil ɗin ce ake haɗa wa wayar, cikin ladabi kamar ɗalibin kirki. Kawu ya sake nuna masa a hankali, har ya ba shi sukundireban ya gwada da hannunsa.  Auta ta tuna makullin sitiyari ya daɗe da lalacewa, gilashin baya kuma da hannu ake tura shi ƙasa.

Ta ja Kawu gefe ta roƙe shi ya mayar da ƙwaƙwalwar. Ya yi dariya har da tari, ya ce wayoyin da ya yanke ai ba sa komawa, kuma ita mace ce mai zargi, ɗan'uwanta ciki ɗaya take wa kallon ɓarawo. Da ta dawo gida ta sayi kwaɗo ta garƙame ƙofar garejin gida. Ta yi tunanin ciro batir ta shigar ɗaki, amma ta ce gobe da sassafe za su fita, kada ta zo ta kasa mayarwa daidai.

Da gari ya waye ta yi wa Mama wanka, ta sa mata kaya, ta haɗa jakar asibiti da bargo, ta zaunar da ita a kujerar roba a bakin ƙofa. Ta zagaya don ta fito da mota. Kwaɗon na nan a ƙasa an ɓalle shi tare da marikinsa. A inda motar take kwana babu komai sai ɗigon mai.

Ta kira Yaya, ya ƙi ɗagawa, ta sake kira, ta sake. Da ya ga dama ya ɗaga, tana jin iska da kiɗa a bayansa, alamar ya yi nisa a babbar hanya. Bai ko yi ƙarya ba. Ya ce wani ne zai ga motar a wani gari, harka ce babba, kuma motar ubansa ce ba ta ubanta ita kaɗai ba. Ta tuna masa yau ranar wankin Mama ce. Ya ce garin cike yake da babura, ya kashe wayar.

Ta kira Kawu tana kuka. Abin da ya fara tambaya shi ne ko motar ta tashi bugu ɗaya, da sanyin safiya haka. Har ga Allah murna yake yi. Ya ce ga shi nan zai nemo wani mai mota, amma ta san mutanen yanzu, sai sun karya sun yi wanka.

Unguwarsu a ƙarshen gari take, tasi ba ya shigowa lungun, Mama kuwa ko zama ba ta iya yi ba jingina, balle ta hau babur. Auta ta fita ba takalmi ta buga ƙofar maƙwabcin da ke da mota, aka ce ya fita aiki. Ta buga ta gaba, aka ce tasu ba mai. Rana ta ɗaga. A asibiti ba a jiran kowa, ta sani sarai.

Ta dawo ta durƙusa gaban Mama ta gaya mata komai, ba ta rage wa Yaya ko kaɗan ba, har da wayar da sukundireban. Tana so sau ɗaya a rayuwa ta ji uwarsu ta tsine wa halinsa. Mama ta daɗe tana jan numfashi da ƙyar, hannunta riƙe da jaka. Can ta ɗago ido.

"Ke ma kin cika rowa, Auta. Da kin ba shi makullin nan tun farko, da bai tsaya wasa da wutar batir ba. Sake kiransa ki ji min, bai dai ƙone hannu ba ko?"

Auta ta tsaya tana kallonta. Mama ta ɗaure fuska ta ce da ita take magana. Sai Auta ta ɗauki wayar ta sake kiran Yaya.