Dariyar da Farfesa Ta Ajiye

Duk wanda ya yi karatu a hannun Farfesa ya haddace maganarta guda, don ta maimaita ta har ɗalibai na kwaikwayonta a bayan ido: duk abin da ka tuna ka taɓa shi, kuma ba ya komawa yadda yake. A kan wannan magana ta ƙarar da ƙuruciyarta, a wani ɗaki mai warin dusa, tana koya wa fararen ɓeraye hanyar abinci cikin akwati mai lunguna. Sai ɓera ya ƙware, ta tuna masa da hanyar, ta ɗan sauya wani abu a daidai lokacin, washegari ka gan shi yana bin sabuwar hanya da gadara kamar a kanta aka haife shi. Rubuce-rubucenta sun kai inda ƙafarta ba ta taɓa takawa ba.

Da mijinta ya rasu, ilimin nan ya biyo ta gida. Akwai wata safiya da ta fi so a duk zamansu. Ya dage shi zai gyara famfon kicin, mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba, ruwa ya ɓalle masa a fuska, ya zauna daɓas a ƙasa jiƙe sharkaf yana dariya. Farfesa ta yanke shawara irin ta masana: ba za ta tuna safiyar ba, kada ta lalata ta. Za ta ajiye ta sai ranar da ta bar aiki. In dariyar ta taso mata a zuci, sai ta miƙe ta kama wani aiki. Kewarsa na cinta, amma ta daure.

Yayar mijin, wadda ke zaune tare da ita, ba ta san wannan tattali ba. Kowane baƙo sai ta ba shi labarin famfo. Yau rigarsa shuɗiya ce, gobe fara, jibi ma ita ce ta miƙa masa tsumma, alhali ranar ba ta ko garin. Da zarar ta soma, sai Farfesa ta fice daga falon.

Ranar ajiye aiki aka yi jawabai, tsofaffin ɗalibai suka yabe ta har ta gaji da murmushi. Hankalinta na gida. Da la'asar ta shiga kicin, ta ja kujera gaban famfon, ta rufe ido.

Ga famfon, ga ruwa a ƙasa, ga inda ya zauna. Ta san ya yi dariya, kamar yadda ta san ranar haihuwarta, amma babu sauti. Ta jira, ta sake lalubawa, shiru. Ita da kanta ta sha koyar da cewa hanyar da ɓera ya daina bi takan dushe masa, har ta kayar da ɗalibai a jarrabawa don sun manta da hakan. Ta miƙe ta bar kicin ɗin.

Ta sami Yaya a falo tana ninke kaya.

"Yaya, ba ni labarin famfon nan."

Yaya ta dube ta sama da ƙasa. "Ke da kike gudu in na fara? Yau kuma lafiya?"

"Ki dai ba ni."

"Za ki ce ba na nan ranar."

"Ba zan ce ba."

Yaya ta ajiye zanen hannunta ta fara. Wannan karon rigar kore ce, ruwan kuma har bakin ƙofa ya kai. Da ta zo wurin dariyar sai ta ɗaga kai, ta daki cinya, ta saki wata irin dariya mai sarƙewa a maƙogwaro, ta ƙare da tari.

Farfesa ta kasa kunne da duk ƙarfinta. Ba ta da abin da za ta auna ta da shi.

"Haka yake yi, Yaya?"

"Haka dai nake jin sa kullum."

Farfesa ta ture kayan gefe, ta zauna kusa da ita.

"Sake yi," ta ce.