Kalmar Hellen Mai Gaɓa Takwas

"Ni na ce ta yi rawa a gaban mutane?" in ji Damaris, tana buga ludayi a bakin tukunya. "Waƙa kawai na koya mata!"

"Waƙar ce ta kashe mu!" in ji mijinta Kumai, tsohon hedimasta. "Kimiyya ce fa, Maman Hellen, ba zumuntar mata ba."

Ga yadda aka yi, tunda duk layin an riga an ji. 'Yarsu Hellen ta je jami'a da safe don ta kare bincikenta na ƙarshe. A kan takardar akwai wata kalmar Turanci, doguwa kamar jirgin kaya: deoxyribonucleic. Kullum harshenta a tsakiya yake maƙalewa. Sai uwar, mai ba da waƙa a coci, ta yayyanka kalmar gunduwa-gunduwa ta sa mata murya. Kalmar kuwa ta zauna daram a bakin Hellen, amma fa ba ta fita sai da muryar. Yau a gaban malamai biyar Hellen ta rera ta, har da kaɗa kafaɗa. Baƙon malamin da ya zo daga Zariya ya share hawayen dariya, ya ce ta dawo ƙarfe biyu ta faɗa kamar mai neman digiri. In ba haka ba, sai baɗi.

Yanzu ɗaya da kwata.

"Miƙe tsaye," in ji Kumai. "Gaɓa takwas ce. Tafi ɗaya, gaɓa ɗaya. Di. Ok. Si."

"Rai... bo..." Muryar Hellen ta fara hawa sama.

"Kin gani? Kin sake shiga coci!"

"Baba, da kanta take zuwa!"

"Ai malaman ma sun ji daɗi," in ji Damaris.

"Mama, don Allah!"

Kumai ya gyara tabarau. "Saurare ni. Shekara talatin ina koyar da Turanci. Di-ok-si-raaai..."

Sai ga muryarsa ta hau waƙar. Shi ma mako uku ke nan yana jin abin ta bango. Ƙafarsa ta dama sai buga siminti take.

"Booo-nu-kle-ik!" Damaris ta amsa masa, ludayi a sama, ta rangaɗa guɗa.

Hellen ta dubi uban, ta dubi uwar. Ta suri fayil, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Ina za ki? Ba mu gama ba!" in ji Kumai.

"Rumfar Iya mai ƙosai. Can babu wanda ya san waƙar nan."

"Iya ta sani," in ji Damaris a hankali. "Jiya na koya mata."

Hellen ta fita ta banko ƙofa, har kalandar bango ta faɗo.